Wanda Ya Raunata Ɓauna

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Na kasa zama wuri ɗaya yau. Baba Yacouba ya yanki tikiti, ranar 24 zai koma Gaya, kuma ya ce ya tafi ke nan. Gwiwa ta matsa masa, sanyi ya ishe shi, teburin turarensa na titin 125th a nan Harlem ma ya bar wa wani. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka shiga daji da babana ranar da ɓauna ta kashe shi, ina ɗan shekara shida. Shekara tara muna gari ɗaya da tsohon nan, ban taɓa jin yadda aka yi daga bakinsa ba. Ni kuma takarduna ba su kai in je gida ba tukuna. In ya hau jirgin nan da labarin a cikinsa, na rasa shi.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ina jiran a sauke kaya a Fordham Road, na cika bayan rasit da abubuwan da zan yi a fodkas, shirina na sauti kan farauta da nake sawa a intanet. Yadda ake fito da nama daga tsakiyar daji inda mota ba ta zuwa. Gane iska da toka. Bisimilla kafin harbi, da hukuncin dabbar da ka iske da sauran rai. Kwana uku a daji da gora ɗaya ta ruwa. Duk na iya neman masu magana a kansu ta waya. Amma wanda nake so shi ne na babana, sauran duk cikon wuri ne.

A'i ta ga takardar ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai mijinta mai shirin manyan namun daji, alhali ɓeran jirgin ƙasa ma sai ya kauce masa. Gaskiya ta faɗa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na je ɗakinsa da makirfo. Ya ba ni shayi, ya tambayi A'i da yara, ya yi mini labarin tsadar haya. Da na kawo sunan babana sai ya dubi na'urar kamar na ajiye masa kunama.

"Nasiru, maganar daji ba a yin ta a zaune. Mu ba mu yi. A tahiya ake yi, ɗaya gaba ɗaya baya, ba mai kallon idon wani."

Na ce to mu je gandun shaƙatawa na Central Park. Ya ja tsaki. Wai daji da fitilu da masu yawo da karnuka cikin riga.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ga kamar wasa yake mini da hankali har kwanakin su ƙare.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Saura sati biyu. Sau uku na hau na sauka daga bene ba tare da na san me na fita nema ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Saeed abokin aikina ya ara mini motarsa. Ya ce Asabar ake buɗe lokacin harbin barewa a can arewa, wajen duwatsun Catskills, kada mu kuskura mu shiga daji ba rigar nan mai launin lemu, ko a ɗauke mu nama. Na sayi biyu. Na kira Baba Yacouba, na ce ga daji na gaske na samo, tafiyar awa biyu da rabi. Ya ce in zo bayan asuba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Bari in rubuta.

Rigima muka fara yi a bakin mota. Ya zo da tsohuwar rigarsa mai launin ƙasa, ya ce shi maharbi ne, ba mai sharar titi ba, ba zai shiga daji yana ƙyalli ba. Sai da muka ji ƙarar bindiga daga bayan tudu ya miƙo hannu ya karɓa. Shi da kansa ya ce in maƙala masa makirfon a wuya.

Ya shiga gaba, ina baya. Mutumin da ke hawa bene da ƙyar, sai ga shi yana taka busasshen ganye ba ƙara, ni kuwa kamar an saki akuya a kasuwa. Ya tsuguna ya nuna mini sawu, ya ce mace ce, da ɗanta, kuma ba su yi nisa ba. Mun fi awa muna tafiya bai ambaci Gaya ba. Na fara fid da rai.

Muna gangara wani kwari ya fara, bai juyo ba.

Ya ce ƙa'idarsu ita ce wanda ya raunata dabba shi ke bin jininta, komai duhun kurmin da ta shiga. Ranar nan shi ya harba. Ya yi gaggawa, harsashin ya sami ɓaunar a ciki maimakon kafaɗa, ta faɗa cikin ciyawa mai tsawon mutum. Kowa ya tsaya yana jiransa. Ya ce ƙafafunsa suka ƙi ɗaguwa.

"Babanka Rashidu ya dube ni, ya gane. Sai ya ce da ƙarfi, don sauran su ji, wai harbinsa ne ya same ta. Ya shiga a madadina."

Ya ce da suka ɗauko gawar, kowa na cewa Rashidu ya ɓata harbi ya biya da ransa, shi kuma ya yi shiru. Shekara talatin da ɗaya yana shiru.

Bayansa kawai nake kallo, da rigar lemun nan da ta yi masa yawa. A hanyar dawowa Harlem ya ce in tsaya ya yi la'asar.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Na saurara sau huɗu. Muryar ta fito tas, har numfashinsa ana ji. Ban taɓa samun shiri irin wannan ba, kuma ba zan ƙara samu ba.

Na tsane shi. Na girma ana nuna ni ana cewa ɗan wanda ya kuskure ɓauna.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Na gyara, na sa masa suna, saura in danna in sake shi kawai. Masu saurarena ba su da yawa, amma rabinsu maharban Gaya ne da direbobinmu na nan. Kafin jirginsa ya sauka labarin ya riga shi isa. Zai ƙarasa tsufansa a garin da yara za su riƙa nuna shi. In kuma ban sa ba, sunan babana ya zauna yadda yake.

A'i ta ce in ci abinci tukuna. Na ce ba na jin yunwa. Ta ce ai ba tambayata ta yi ba.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Na hango shi a masallaci, sahu biyu gabana, yana sallah a kan kujera. Na fita ta ɗaya ƙofar.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Ni na kai shi filin jirgi. Ba wani abu ba ne, ba shi da mai kai shi ne, kuma akwatunan da nauyi.

A hanya ya tambaya ko na saki shirin. Na ce iska ta ɓata sautin, ba a jin komai. Ya dubi taga, ya ce, "To, kai dai ka ji." Na ce na ji. Ya ce in ya isa zai tara maharban gari ya faɗa musu da bakinsa. Ban sani ba ko zai iya. Ban ce masa dole ba ne.

Maganin gwiwar nan da yake shafawa, na ji an ce babu irinsa a can. Na sayi kwalba shida na cusa masa cikin ƙaramin akwati lokacin da ya shiga alwala. Sai ya isa zai gani.