Jan Mayafi a Ƙetaren Kogi

Titwal, Talata, jajiberin Sallah

Zuwa ga ɗana Mudassir,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka a Delhi. Ni kam tarin bai sake ni ba, gwiwoyina sun kumbura, ko masallaci ba na iya zuwa. Shayin gishiri kaɗai cikina yake karɓa.

Saƙo ya iso cewa gwaggonka Zuna za ta zo bakin kogin da ke kan iyaka, ta ɓangaren Pakistan, washegarin Sallah. Ka san yadda ake yi: mu a wannan gaɓa, su a waccan, sojoji suna kallo, ƙarar ruwa ba ta barin a ji muryar kowa. Za ta ɗaga jan mayafin mahaifiyarmu don in gane ta. Rabona da ganinta tun kana goye. Hanyar gangarawa ta fi ƙarfin ƙafata, sai an riƙe ni. Ka yi mini alkawari za ka zo ka kai ni, shi ya sa da maƙwabcina Nazir mai burodi ya ce zai goya ni, na ce ya bari, ina da ɗa.

Allah ya kawo ka lafiya.

Mahaifinka,
Sona'ullah

Titwal, Juma'a

Mudassir,

Ina gaishe ka, ina fatan yaran suna lafiya. Zazzaɓi ya ƙaru a kan tarin.

Ranar Sallah Nazir ya shigo da wayarsa yana dariya, ya ce, “Baba, ga malamin ɗan nan naka a talabijin, har ya yi tumbi!” Na gan ka riƙe da sanda a gaban taswira. Ka ce tunda ƙasarmu da Pakistan duk suna da bam ɗin nukiliya, babban yaƙi ba zai yiwu ba, sai dai ƙarami a bakin iyaka, wanda ƙasa za ta iya jure asararsa. Kan sandarka yana kan kwarinmu, inda aka binne mahaifiyarka. Wannan na haɗiye, na ce aiki ne.

Sai mai tambaya ya ce ai kai ɗan can ne, ko kana da dangi a ƙetare? Ka yi murmushi ka ce ba ka da kowa. Nazir ya kashe wayar, ya fita.

Duk da haka, jiya na sa sabuwar riga tun safe na zauna a ƙofar gida. Nazir ya dawo ya roƙe ni mu tafi, na ƙi, don kada ka iso ka tarar ba na nan. Waɗanda suka je sun ce wata tsohuwa ta tsaya tana ɗaga jan mayafi har la'asar. Da hannunta ya gaji, jikarta ta karɓa ta ci gaba da ɗagawa.

An ce sai baɗi kuma, in sojoji sun yarda. Ni na san jikina.

Shinkafar da aka dafa maka na bayar. Ba ka zo ba.

Mahaifinka,
Sona'ullah