Zanen Zumuntar Mama

Dutsen Kura, Minna
6 ga Maris, 1995

Zuwa ga Goggo Christiana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kin huce gajiyar zaman makoki, ke da sauran mutanen Gwada.

Goggo, na yi shiru a gaban jama'a don kada a ce na raina ƙanwar ubana, amma abin yana cina. Wata goma sha huɗu Mama tana kwance a ɗakina. Ni ke juya ta, ni ke kwashe kashinta, ni ke ba ta kunu da cokali. Ranar da za a wanke gawarta na ɗauko ruwan zafi, kika tare ƙofa kika ce, "Yara su koma waje, wannan aikin mata ne." Na waiwaya ina neman yaran, ashe ni ce, mai shekara talatin da biyar. Kika ja hannun ƙanwata Magdalene, 'yar shekara sha tara, kuka shige kuka rufe.

Wannan ya wuce. Abu ɗaya nake roƙo: zanen zumuntar matan coci da Mama ke ɗaurawa ran Lahadi. Da bakinta ta ce nawa ne. Na san sai matar aure ke ɗaura shi, ajiyewa kawai zan yi. Ki ba direban motar doya ya kawo mini.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Alisabatu

Gwada
19 ga Maris

Alisabatu,

Na gaishe ki. Yaya aikin asibiti? Mu lafiya lau, sai zafi.

Zane kam ya tafi inda ya dace. Ran Lahadi muka ɗaura wa Magdalene a gaban ikilisiya, da goyonta a baya, mata suka rangaɗa guɗa. Zanen zumunta ba ya zama a ɗakin da babu takalmin namiji a ƙofa.

Kina ƙirga mini shekaru. Akuya ma tana tara shekaru. Mace ita ce wadda aka kai ɗakin miji, ta durƙusa, ta ji abin da uwarta ta ji. Ke ungozoma ce, mun sani, kin yanke cibi ya fi ɗari. To wanne ne naki? In kika mutu a haka, 'yan matan kwaya ne za su yi miki waƙa. Mu matan zumunta ba za mu buga miki tulun kiɗa ba.

Allah ya ba ki miji, ko da gurgu ne.
Goggonki, Christiana

Minna
27 ga Maris

Goggo,

Na gaishe ki don an koya mini gaisuwa.

Wanne ne nawa? Ke kike tambayata? Damina ta 1975, ina aji uku, wa ya ɓoye ni wata biyar a ƙauyen kakanninku aka ce wa makaranta ciwon shawara nake? A kan tabarmarki na durƙusa. Ke kika cusa mini tsumma a baki don kada maƙwabta su ji. Ke kika yanke cibin, kika naɗe jaririyar kika miƙa wa Mama, wadda ta yi wata biyar tana ɗaura tsummoki a ciki kamar mai juna biyu. Nono yana zubo mini kika ɗaure mini ƙirji kika ce, "Tashi, ke yarinya ce, koma makaranta."

Na koma. Maza uku suka nemi aurena, na kore su don ba zan iya yi musu ƙarya ba. Shekara sha tara 'yar da na haifa tana ce mini Yaya, ina amsawa. Na ji abin da uwata ta ji, Goggo, har da wanda ba ta ji ba. Na tsane ki, Allah ya gafarta mini.

Ki karɓo mini zanen.

Alisabatu

Gwada
2 ga Afrilu

Yaya Alisabatu,

Gaisuwa mai yawa. Goggo ba ta iya karatu ba, ni nake karanta mata wasiƙu, ni nake rubuta amsa. Na karanta taki da ƙarfi har ƙarshe.

Uwata tana kwance a kabari a bayan coci, ni na wanke ta. Zanen yana jikina. Idan dangin mijina suka ji wannan magana za su kwance mini shi a gaban mutane, don haka na ƙona takardar. Kada ki zo bikin Ista.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Magdalene