Kada Sanjar Ya Buga Wasan Asabar

Oskemen, Laraba da safe.

Zuwa ga Yayana Darhan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Meruyert da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Finland. Mu nan sai godiya. Kogin Irtish ya fara daskarewa, hayaƙin masana'anta yana nan inda ka bar shi, Gwaggo Kulyash ta yanka doki don naman hunturu ta aiko mana da rabonmu. Da hannu na rubuta, zan ɗauki hoto in tura maka, saboda a waya katse ni kake yi, takarda kuwa ba ta katsuwa.

Maganar ɗanka Sanjar ce. Na ga bidiyon yadda aka maka kansa da katangar fili a wasan hokin ƙanƙara ran Lahadi, na kuma ga ya tashi ya nufi bencin abokan hamayya kafin a juyo da shi. Meruyert ta ce likitan ƙungiya zai sake duba shi ran Juma'a, in ya gamsu ya bar shi ya buga wasan Asabar. Ta ce haske yana damunsa, amma kai ka ce ya ja bakinsa ya yi shiru kada a ba wani gurbinsa. Na san inda ka koyo wannan hikimar, a tebur ɗaya muka ci abinci.

Malaminka yana nan, bai sauya karatu ba. Da Baba ya zauna gaban talabijin sai ya ce hokin yanzu rawar 'yan mata ce a kan ƙanƙara: kowa da gilashi a fuska, sanda kamar tsinke, a taɓa mutum alƙali ya tafi kallon bidiyo. Ya ce su a zamaninsu da sandar katako suka buga, hular kwanonsu ba ta fi kwanon shayi kauri ba, haƙori ya faɗi ka tofar ka bi faifai, wato ƙwallon wasan. Gaskiyarsa, wasan nasu ya fi daɗin labari. Sai dai masu ba da labarin sun yi ƙaranci. Tolya mai tsaron ragarsu ya rasu bai gane matarsa ba. Serik Dogo an tsince shi bara a tashar mota da jaka, wai yana jiran motar ƙungiya.

Shekaranjiya na kai Baba asibiti, don ya fara sa takalmi a firiji. Likitar yarinya ce, da ƙyar in ta girmi ɗalibaina. Ta ce za ta yi masa 'yan tambayoyi. Ya kwashe da dariya, ya kira ta 'yata, ya ce ai shi tsohon hannu ne a wannan jarrabawar. Ya ba ta labarin yadda in an buge mutum ya faɗi sai koci ya shaƙa masa wani ruwa mai hawa kai, ya tambaye shi wane gari suke. Na kusa da shi a benci ya raɗa masa amsa, shi ke nan sai fili. Ya ce sau bakwai Tolya ya raɗa masa, bai taɓa fashin wasa ba. Likitar ta yi murmushi, ta ce to madalla, Kaka, yanzu wane gari muke?

Yaya, garin da aka haife shi ne fa. Ya dubi taga. Ya dubi hannunsa. Sannan ya karkato da kunnensa wajena a hankali, fuskarsa tana kan likita, yana jira. Ban raɗa masa ba. Ni da nake koyar da mutane yadda ake jera magana, na zauna kamar dutse ina kallon kunnen ubana. A mota ya ce da ni ban da amana, ba za a taɓa ɗaukata a ƙungiya ba. Kafin mu iso gida ya manta ya yi fushi, ya tambaye ni yaushe Mama za ta dawo daga kasuwa. Shekara shida ke nan da muka binne ta.

Ban san hoki kamarku ba, amma ina da ido. Yaran yanzu sun fi su Baba gudu da nauyi, karon nasu ya fi muni. Abu ɗaya da wasan ya ƙaru da shi shi ne likita da ke da ikon cewa zauna. Kai kuma kana koya wa ɗanka yadda zai yaudare shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ka bar Sanjar ya faɗi gaskiya ran Juma'a. In ka ƙi, zan tura wa likitan ƙungiyar wannan takardar da kaina, ka yi fushi da ni shekara goma, za ka dai tuna dalili.

Ka gaishe da Meruyert, da Sanjar, da auta Inkar. Gwaggo Kulyash tana gaishe ku. Baba ma ya ce a gaishe ka, ya ce ka daina makara a makaranta. Ƙarfe tara nake da aji. Na zuba masa shayi da madara, na kunna masa wani tsohon wasa, na ɓoye jakar wasansa. Yanzu zan fita in kulle ƙofar ta waje.

Ƙanwarka,
Gauhar