Hoton Kafin Aiki

Litinin, 3 ga Yuni

An gama yashe kwatar layin bayan kasuwa. Mutanen unguwa ne suka yi da sheburansu, mu muka kawo safar hannu da riguna masu tambarin ƙungiya. Aiki dai ya yi kyau, ba zan hana shi yabonsa ba. Tun da na bar gidan jarida na zo nan jami'in yaɗa labarai, yau ne na fara rubuta rahoton da ban shafa masa hoda ba.

Laraba, 5 ga Yuni

Masu ba da tallafi sun dawo mana da rahoton. Ƙa'idarsu hoto biyu: na kafin aiki da na bayan aiki. Na bayan muna da shi kamar ƙasa. Na kafin babu ko ɗaya. Ranar da aka fara, mai hotonmu yana can yana ɗaukar Shugaba tana jawabi, har aka kwashe sharar bai waiwaya ba.

Shugaba ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "To, sai a yi na kafin ɗin."

Na yi dariya. Ni kaɗai na yi.

Akanta ya dafa ni. "Malam ɗan jarida, ai ba ƙarya ba ce. Da can ba haka kwatar take ba? Tuna mata kawai za mu yi."

Na ce ban yarda ba, sau ɗaya, da muryar da ba ta kai ƙarshen tebur ba. Shugaba ta ce in babu hoton babu zagaye na biyu na tallafi, kuma kowa a ɗakin nan ya san abin da zagaye na biyu yake ciyarwa. Aka wuce batun man janareta.

Alhamis, 6 ga Yuni

An nemo Dogo, mai baron shara. Dattijo ne, gida-gida yake bi yana kwasa tun kafin a kafa ƙungiyarmu, da baron nan yake riƙe da mace da 'ya'ya. Yana cikin waɗanda suka shiga kwatar har gwiwa ranar Litinin. Ni aka tura in yi masa bayani, wai ni ne mai iya baki.

"Malam, sharar da muka fitar, ita zan mayar?"

"Na ɗan lokaci ne, Baba Dogo. Hoto kawai."

Ya daɗe yana kallona. "Ikon Allah. Ashe ita ma shara tana zuwa ganin gida."

Ya juye a ƙarƙashin ƙaramar gada, da rana tsaka, lokacin da layin ba kowa. Mai hoto ya leƙa ya ce ba ta tayar da hankali ba, a ƙaro. Aka ƙaro. Ya sa aka ɗora tsohuwar katifa a sama, don ido ya sami wurin sauka.

Hotunan sun yi kyau, abin haushin ke nan. Aka ce a bar kwasa sai gobe da safe, motar ofis za ta kai Shugaba wani taro.

Juma'a, 7 ga Yuni

Ruwa ya sauka jiya da yamma kamar da bakin ƙwarya. Gadar ta toshe. Ruwan ya haura ya shiga gidajen ƙasan layi, ya kayar da katanga guda, ya cika shagon tela har kan keken ɗinki. Ba a rasa rai ba. Wannan jimlar nake ta maimaita wa kaina tun safe.

Ashe jiya wata mata daga bene ta hango Dogo yana juye sharar. Mu ba ta gan mu ba, muna inuwar rumfa.

Lahadi, 9 ga Yuni

Na gaya wa uwar yara. Tana guga, ba ta ɗago ba.

"Da kana jarida da tuni ka cika shafi."

"Da ina jarida da tuni mai gidan nan ya fitar mana da kaya waje."

"Ai ban ce komai ba, Abban yara. Miƙo min rigar makarantar can."

Ta san inda take soka allurarta.

Talata, 11 ga Yuni

Kwamitin unguwa ya ƙwace baron, an ɗaure shi da sarƙa a jikin turken fitila. Ranar Asabar za a zauna a yanke ko Dogo zai ci gaba da aiki a unguwar.

Ya zo ofis. Maigadi ya ajiye shi a bencin waje, ƙarƙashin allonmu mai cewa muna tare da al'umma. Na fita na same shi.

"Malam, ni ban kira sunan kowa ba tukuna. Ku zo ku faɗa da bakinku, ya fi mutunci."

Na shiga na gaya wa Shugaba. Ta ce za a duba lamarinsa ta hanyar da ta dace. Na san hanyar. Ta ƙofar baya take bi, inda direba yake jira.

Alhamis, 13 ga Yuni

Masu tallafi sun yaba hotunan. Sun ji labarin ambaliyar, suna tambaya ko muna da wani shiri a kai.

Asabar, 15 ga Yuni

A ajin makarantar firamare aka zauna, manya a kan kujerun yara, gwiwa na taɓa ƙirji. Na je da maganata a shirye, gajera, irin wadda ake buɗe labari da ita: wa ya yi, me ya yi, don me. A hanya ma sai da na gwada ta.

Kafin a fara muka raba bokiti da tabarmi ga waɗanda ruwa ya shiga wa. Aka yi tafi. Shugaban kwamiti ya ce in ɗauki hoto, na ɗauka.

Tela ya tashi, ya ce ɗinkin mutane ne ya lalace, da wane ido zai kalle su. Sannan aka ba Dogo dama.

"'Yan ƙungiya ne suka ce in zuba. Hoto za su ɗauka."

Ajin ya fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Su yashe kwata ranar Litinin, su cika ta ranar Alhamis? Dogo, ko ƙarya ai tana son gyara!"

Ban taɓa tunanin wannan ba: gaskiyar ta yi wauta da yawa, ba mai iya yarda da ita.

Dogo bai yi dariya ba. Ya nuna ni. "Ga malam nan. Ku tambaye shi."

Shugaban kwamiti ya ɗaga min hannu. "Malam, kar ka wahalar da kanka ka amsa masa. Mun san ku."

Ban wahalar da kaina ba.

Shugaba ta miƙe ta roƙa masa afuwa. Ta ce rashin sani ne, shi ya sa ake bukatar wayar da kai. Aka sake tafi. An mayar masa da baronsa albarkacinta, amma ba zai ƙara kwasar shara a unguwar ba.

Litinin, 24 ga Yuni

An amince da shirin ambaliya. Ni na rubuta shi, Shugaba ta ce ko waƙafi ba ta taɓa ba. Akwai sashen koya wa masu baro illar zuba shara a kwata.

Ciwon kai tun safe. Fankar ofis ce, ina jin.

Asabar, 29 ga Yuni

Na haɗu da Dogo da iyalinsa a bakin gada. Baron cike da katifa da tukwane da buhun tufafi, matarsa a baya da goyo. Ba wanda yake ba shi shara, haya ta gagara, za su koma wurin ƙaninsa a can ƙarshen gari. Ba inda zan kauce, layin ƙunci gare shi.

Ya tsayar da baron, ya gaishe ni har da tambayar iyali. Sannan ya dubi kyamarar da ke wuyana.

"Malam, a ɗauka mana. Ai wannan ne na bayan aiki."

Matar ta ce, "Kai dai tura mu tafi, rana na yi."

Laraba, 3 ga Yuli

An gyara banɗakin makaranta, an sake manta na kafin. Mai hoto ya zo teburina yana sosa ƙeya, Shugaba ba ta nan, ni ake tambaya yanzu.

Ban ce a yi ba. Na dai ce in za a yi, a duba sama tukuna, kuma a samo mutumin da ba ɗan unguwar ba.

Shawara ce kawai.