Sun Karya Wa Dodonka Gwiwa, Yaya

Zuwa ga yayana Hamisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Inna Hajo tana nan lafiya, gidan abincinta na Tahaggart yana nan, kuma har yanzu ni ce a kan tukunyar shinkafa.

Na san ba a kai wa mamaci ƙara. Amma duk wanda na faɗa wa a garin nan sai ya ce in yi haƙuri, ai bango ne. To na gaji da jin haka, shi ya sa na zo gare ka.

Yaya, sun taɓa dodonka.

Wanda ka zana a bangon gidan kallon Alhaji Mamman nake nufi, shekarar da ya kafa farabol, faifan nan mai kamo tashoshin talabijin, samari suka riƙa cika wurin don kallon dodon nan mai fiffike da ke furzar da wuta. Kai ma kana son sa kamar kowa. Sai dai ka ce na cikin talabijin ba shi da ƙashi, in ya sauko ƙasa ba zai iya tsayuwa ba. Ka yi alkawarin naka zai tsaya.

Ka tuna yadda ka ja ni zuwa mayanka, ina toshe hanci, mahauta suna mana dariya? Ka sa na riƙe ƙafar raƙumi ina lanƙwasa ta, ina miƙe ta, sai da hannuna ya gane inda gaɓa take yarda da inda take ƙi. "Fara da ƙashi, Rabi," ka ce, "fata mai rufa asiri ce."

Wata rana ka dawo daga shantiye, wurin aikinku na gini, siminti har gira, da mataccen jemage a cikin hularka. Inna ta kusa korar mu da muciya. Ka baza fiffiken a kan tabarma, ka nuna mini ashe yatsu ne, hannu ne sak irin namu, an shimfiɗa masa fata.

Da aikin gini ya kai ka Mertoutek, ka dawo ba ka da zance sai na shanun da mutanen zamanin farko suka zana a jikin duwatsu. Ka ce sun ja bayan saniya tun daga ƙaho har wutsiya ba su ɗaga hannu ba. Daga ranar ka hana ni jan layi gutsi-gutsi kamar kaza na tonon ƙasa. In kuwa na ɗauki gawayi zan sa inuwa, sai ka riƙe mini hannu: "Tambayi rana inda take tukuna."

Da wannan duka ka yi dodon nan. Mutane sukan tsaya a titi suna kallon haƙarƙarinsa kamar zai ja numfashi.

Bayan ciwon ƙirji ya ɗauke ka, rana da iska suka yi ta cin fentin. Na ga yana dushewa, na roƙi Inna ta raka ni wurin Alhaji. Na ce ya bar ni in sabunta shi, ba na son ladan komai, ni ce na riƙe maka gwangwanin fenti lokacin da kake yi, na san kowane layi. Ya yi dariya har da buga cinya. Wai mace a kan tsani a bakin titi, me mutane za su ce da shi? Ya ce in koma in duba tukunyata kada ta kama.

Sai ya ɗauko wani mai rubuta allunan shaguna.

Ina cikin taksi za ni kasuwa na hango. Na ce direba ya sauke ni, na bar cefane. Yaya, gwiwar gaba ya mayar da ita baya. Fiffiken da ka dasa a kafaɗa ya sauko da shi ciki, kamar an liƙa wa jaki laima. Yatsun nan na jemage ya shafe su duka ya yi zigizaga. Ya bi layinka da baƙin fenti mai kaurin igiyar rijiya. Inuwa kuwa ya zuba ta dama da hagu, sai ka ce rana biyu Allah Ya yi a Tamanrasset. Kuma a ƙasan wutsiya, inda ka sa ɗan harafin sunanka ƙarami don kunya, ya rangaɗa nasa da jan fenti.

Na shiga har cikin gidan kallon, gaban samari, na faɗa wa Alhaji abin da ban taɓa faɗa wa babba ba. Na ce ya tone ka ne ya sake binnewa. Bai ko ji haushi ba. Ya ce yara sun fi son wannan, ya fi haske. Abin da ya fi ƙona mini rai, da na fito na ga yaran suna nuna shi suna murna. Babu wanda ya ga an yi ɓarna. Ni kaɗai ce na gani.

Na koma gida ban iya cin komai ba. Washegari na tarar Inna ta sa an kwashe buhunan shinkafa daga bangon cikin gidan abincin, inda magina ke zama su ci abinci, ta wanke shi tas, ta ajiye mini gawayi a kan kujera.

Na fara zana nawa dodon. Ƙashin ya zauna daidai, ƙafafun sun ɗauki nauyin jikin. Inda na sha wuya shi ne ƙarƙashin fiffike, na goge ya fi a ƙirga kafin inuwar ta yi laushi. Abokan aikinka suna ci suna ba ni shawarar da ban tambaya ba. Alhaji ma ya zo cin abincin rana sau ɗaya, ya zauna ya ba bangon baya. Shi ta shafa.

Amma kai ma ina da magana da kai. Kullum in na ce ka koya mini fuska sai ka ce sai hannuna ya nuna. To ga shi ka tafi ba ka koya mini ba. Na so in yi masa ido mai ban tsoro, ido mai fushi irin wanda nake ji. Na yi, na goge, na sake. Duk yadda na ja sai ya fito a sanyaye, a gajiye, gefensa ya ɗan sauka, kamar mai son yin dariya ƙarfi ya hana shi.

Jiya Inna ta shigo da tire a hannu, ta tsaya gabansa. Ta daɗe. Sai ta ajiye tiren a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fita waje. A nan na gane idon wa nake ta zanawa.

Ba zan sake goge shi ba.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya. Ya yalwata maka kabari, Ya haskaka shi, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Ni kuma Ya sanyaya mini zuciya, don har yanzu ban huce ba. Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna. Amin.

Ƙanwarka,
Rabi
Tahaggart, Tamanrasset