Ɗakin da Inna ba ta taɓa zama ciki ba

Zuwa ga ƙanena Torleiv,

Gaisuwa mai yawa daga wannan gefen teku, da fatan kana lafiya, kai da Gudrun, kuma sanyin Kanada bai tayar maka da ciwon ƙugun nan ba. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan kalau, sai gwiwata da ke gardama da hawan tudu. Tumakin ɗana Arnfinn sun sauko daga dutse, ko ɗaya bai ɓata ba bana.

Ranar Asabar aka nuna fim ɗin 'yarka Kirsti a zauren taron ƙauye. Kujeru sun cika, har da waɗanda rabonsu da fitowa tun jana'izar fasto. Yarinyar nan ta iya aikinta, wannan kam ba zan ɓoye ba. Labarin wata budurwa ce mai saurin fushi da ta taso daga Kanada neman asalinta, ta iske farin gidan gonar Haugstul, ta zauna a babban ɗakin kakanta, a hankali ta koyi haƙuri. Da aka nuno tagar nan mai kallon ruwa sai na ji ƙanshin ciyawar da muke shanyawa a waya, ni da kai, ƙafa ba takalmi. Na yi hawaye, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Amma Torleiv, wa ya gaya mata gidanmu ne? Ta ga sunanmu, Haugstul, a ƙofar gonar ta ɗauka gado ne, kamar yadda kowane baƙo zai ɗauka. Kai ka san mun ci sunan ne don a ƙasar masu gonar muke zaune muna yi musu aiki, kamar duk 'yan bukkokin tudu. Inna shekara ashirin da biyu tana tatsar shanunsu, ta ƙofar baya take shiga, ba ta taɓa zama a ɗakin da aka yi fim ɗin ba. Ka san halin mutanenmu: aka tafa, aka sha kofi da waina, babu wanda ya ce uffan. Eilif mai gonar ma wata guda ya ba Kirsti aron gidan, ya ce mini wai ya ga tana murna, ina shi ina ɓata mata rai. Tsohuwa Aslaug ce kawai ta raɗa mini cewa ashe mu manya ne ba ta sani ba, da ta riƙa rusuna mini tun muna makaranta.

Washegari na ja Kirsti muka hau tudun, ina tafiya ina hutawa. Bukkarmu saura duwatsun tushe da bishiyar da Baba ya dasa. Na nuna mata inda murhu yake, da lungun da muke kwana mu huɗu. Ta auna faɗin ɗakin da ƙafa, taku shida. Sannan ta ce da ni, Gwaggo, ita bukka ba ta dame ta ba ko kaɗan. Abin da ya yi mata ciwo, ta aiko maka da hoton farin gidan tun kafin a fara aiki, ka amsa da cewa ya yi kyau. Wato a ganinka za ta ji kunyar kakarta.

Na san abin da ya kore ka kana ɗan shekara sha tara, ban kuma taɓa ganin laifinka ba. Sai dai yarinyar cikin fim ta girma cikin awa ɗaya da rabi, kai kuwa saba'in da huɗu kake. Kirsti za ta iso wurinka ranar Alhamis. Ta ce ba za ta tambaye ka komai ba, za ta zuba kofi ta zauna ta jira. Kada ka bar ta ta shanye shi ita kaɗai.

Ka gaida Gudrun, da Halvard da iyalinsa, da ƙaramar Oline da har yau ban gani ba sai a hoto. Arnfinn yana gaishe ka.

Yayarka mai kewarka,
Borghild