Ranakun da Baba Yake Faɗuwa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya da iyali. Ka ce ba ka jin komai a waya sai kukana, to ga shi a takarda. Baba ya sake faɗuwa, wannan karon a ƙofar bandaki. Sau huɗu ke nan, kullum jiri. Likita ya tambaye ni yaushe abin ya fara, na tsaya ina kallonsa kamar ba a gidan nake ba. Tsoro nake ji, Yaya. A shago ko zare na kasa zurawa a allura.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Ina amsa gaisuwa, ki gaishe mini da Baba. Ni ma hankalina a tashe yake, amma kuka ba zai gaya wa likita komai ba. Ko mota aka kawo mini gareji, sai na ji yaushe ƙarar ta fara kafin in taɓa sifana. Ki samu littafi ki zauna. Kowace faɗuwa ki rubuta ranarta, abin da ya ci, abin da ya sha, da wanda ke tare da shi. Kada ki tsallake komai. Allah ya ba shi lafiya.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Na zauna na rubuta yadda ka ce. Ta farko Talata ce, ta biyu Alhamis, sai wata Talatar, sai Alhamis ɗin nan. Da na jera su sai na gane. Ranakun da nake sammakon shago ke nan, Gwaggo ta zo ta zauna da shi. Ina ba shi ƙwayar hawan jini kafin in fita. Na tambayi Gwaggo, ta ce, "Ai ni ma ina ba shi in ya karya, na ɗauka shi ya sa kike barin kwalbar a kan tebur." Baba kuwa ka san shi, duk abin da aka miƙa masa haɗiyewa yake. Ban taɓa gaya mata ina ba shi ba, Yaya, laifina ne. Yanzu za mu asibiti, da littafin a hannuna. Ka yi mana addu'a.

Auta

Yaya,

Barka da aiki. Likita ya karanta ya ce shi ne, shan ƙwayar sau biyu ke sa masa jiri. Littafin yanzu yana rataye kusa da kwalbar, duk wanda ya ba da magani sai ya rubuta. Yau Talata, na dawo na tarar da Baba a tsaye yana yi wa Gwaggo faɗa a kan gishiri.

Auta